DAGA BAGARUWA ZUWA INJI

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan ka taɓa bin hanyar Panshekara ka ratsa ta Challawa, na tabbata hancinka ya riga idonka sanin cewa ka iso masana'antun fata. To, tsaya mu ɗan waiwaya baya, don an ce waiwaye adon tafiya.

Tun kafin zuwan Turawa Kano ta shahara da jima. Majemi zai jiƙa fata da toka, ya kankare gashinta, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa, sannan a rina ta da karan dafi. Fatake su ɗauka su ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, alhali akuyar ƙasarmu ce. Aiki ne na kwanaki, ga wari ga ciwon baya. Amma fa majemin shi ke da abinsa, ɗansa kuma ya gaje shi.

A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, kasuwar fata da kirgi ta buɗe. Sannu a hankali masana'antu suka kafu a Bompai, daga bisani aka yanka Sharaɗa da Challawa. Inji ya shigo, sinadarin kurom ya ture bagaruwa, abin da ake kwanaki ana yi ya koma na sa'o'i. Kada mu yi butulci, jama'a: dubban magidanta sun yi aure, sun gina gida, sun sa 'ya'ya a makaranta da albashin kamfani. Mai sayar da abinci a bakin ƙofa ma ta ci arziki.

Sai dai kash! Ruwan da ya wanke fatar nan ina ya nufa? Na Bompai ya bi rafin Getsi ya faɗa Jakara. Na Sharaɗa da Challawa ya gangara kogin Challawa, kogin da birni ke ɗibar ruwan sha, manoman rani ke ban ruwan latas da tumatir da shi, Fulani ke shayar da shanu. Ka ga ke nan wani ya sha zuma, wani daban ya sha harbi. Leburan kuwa, jikan majemi, ya zama lamba a katin shiga aiki, ƙararrawa ke tashinsa, ita ke sallamarsa.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta karye, wutar NEPA ta zama sai an ga dama, daga baya atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Masaƙu da kamfanoni da yawa suka rufe. Abin mamaki, waɗanda suka yi kuka da ƙarar inji sun fi kuka da shirunsa, don yunwa ba ta san tsohon ma'aikaci ba.

To ashe inji ba shi da zuciya, balle a ce mugu ne ko mai tausayi. Ilmin da ya ƙera injin jima shi ne dai ya ƙera matatar gurɓataccen ruwa. Mun yi wawason na farko don yana kawo riba, mun yi sanyin jiki da na biyu don yana cin kuɗi. Kafin mu zagi zamani, sai mu tambayi kanmu: wa ke shan ruwa a ƙasan kwatarmu?

Allah Ya sa mu gane, amin.