Iskar gas ta na'urar sanyaya mota: yadda ake zuƙe ta da sake amfani da ita

A Daura da kewayenta, kamar Mai'adua da Zango da Sandamu da Baure, zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da masu motoci ke tururuwa wurin kanikawa domin gyaran na'urar sanyaya iska, wato AC.

A garejoji da dama, kafin a kwance na'urar akan saki gas ɗin da ke cikinta ya bi iska. Wannan na da haɗari ga bakanike, yana kuma cutar da muhalli.

Ire-iren gas ɗin

Tsofaffin motoci suna amfani da R-12, wanda ke lalata rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana mai cutarwa. Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Najeriya ta shiga a 1988, ta sa ƙasashe masu tasowa suka daina shigo da shi daga 2010.

R-134a ne ya maye gurbinsa. Ba ya taɓa ozon, amma ƙarfinsa wajen ɗumama yanayi ya ninka na iskar kabon sau 1,430. Saboda haka aka yi gyaran Kigali a 2016 domin rage amfani da ire-irensa, Najeriya kuma ta amince da shi a 2018.

Sababbin motocin Turai sun koma R-1234yf tun 2017. Akan rubuta irin gas ɗin kowace mota a wata takarda da ke manne a ƙarƙashin bonet, kuma ba a gauraya wani da wani.

Haɗarinsa

R-134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, don haka idan ya fantsama yakan ƙona fata da sanyi, ya kuma lalata ido. A rufaffen ɗaki yakan hana numfashi. Idan ya gamu da wutar walda yakan fitar da hayaƙi mai guba.

Yadda ake zuƙe shi

Bakanike kan sa tabarau da safar hannu, ya yi aikin a sarari. Zai haɗa injin zuƙo gas da bututun na'urar biyu, ya janye gas ɗin zuwa tukunya ta musamman, wadda ba a cika ta fiye da kashi 80 cikin 100.

Injin ne ke raba gas ɗin da mai, ya tace datti da laima. Bayan an toshe inda ke yoyo, sai a zuƙe iskar da ta rage a na'urar na kimanin minti 30, sannan a mayar da gas ɗin bisa nauyin da kamfanin motar ya ƙayyade.

Ta haka mai mota zai sayi abin da ya ɓace kawai. A Najeriya, hukumar NESREA ce ke aiwatar da dokokin kare ozon.