A Grand Day Out

A Grand Day Out gajeren fim ne na katun da aka shirya a ƙasar Birtaniya, wanda ya fito a shekarar 1989. Nick Park ne ya rubuta labarinsa, ya ba da umarni, kuma shi ya motsa 'yan tsanan cikinsa da hannunsa. Tsawonsa kimanin minti 23 ne. An yi shi ne da salon da Turawa ke kira *stop motion*, wato a ƙera mutum-mutumi, a ɗauke shi hoto ɗaya, a ɗan gusar da shi, a sake ɗauka, har idan an jera hotunan da sauri sai ya zama kamar yana motsi da kansa. A cikin wannan fim ne Wallace da karensa Gromit suka fara bayyana. Park ya faro shi ne a 1982 a matsayin aikin kammala karatunsa a Makarantar Fim da Talabijin ta Ƙasa da ke Beaconsfield, wadda ake taƙaita sunanta da NFTS, amma bai gama ba sai bayan shekara bakwai.

Labarin fim ɗin

Wallace mutum ne mai son ƙere-ƙere da cin cuku. Ranar wani hutu, yana neman inda za su je yawon shaƙatawa shi da Gromit, sai ya tarar cuku ya ƙare a gidan. Akwai wata tsohuwar maganar raha a Ingila da ke cewa da cuku aka yi wata, a kanta kuma aka gina labarin. Su biyun suka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa suka ƙera roka mai ruwan lemo, cikinta kamar falon gida, da kujeru da takardar ado a bango. Bayan an kunna lagwani sai Wallace ya tuna bai ɗauko biskit ɗin da ake ci da cuku ba, ya ruga kicin ya kwaso, ya dawo daf da tashi. Rokar ta ƙi motsi har sai da Gromit ya saki birkin hannu.

A duniyar wata suka shimfiɗa tabarma, Wallace ya yanko ƙasar wurin ya ɗanɗana yana neman gane ko wane irin cuku ne. Can suka ci karo da wata na'ura mai kama da tsohon murhun gas mai ƙafafun taya, wadda ba ta aiki sai an jefa mata kwabo. Wallace ya jefa, bai ga ta yi komai ba, ya wuce. Bayan tafiyarsu na'urar ta farfaɗo. Ashe ita ce mai gadin wurin: ta liƙe ɓarnar da aka yi wa ƙasa, ta rubuta wa rokar takardar tara, kuma ta tsinci wata mujalla ta wasan zamiya a kan ƙanƙara, abin da ya sa mata sha'awar zuwa duniya. Ta lallaɓo za ta buga wa Wallace kulki sai kuɗinta ya ƙare, ta tsaya cik. Wallace ya zare kulkin don ya ajiye a matsayin tsaraba, ya sake jefa mata kwabo. Da ta farka ta ga za su tafi, sai ta fasa jikin rokar da abin buɗe gwangwani don ta bi su, amma wuta ta tashi, rokar ta cilla sama ta bar ta da ɓallin ƙarfe biyu a hannu. Da su ta yi takalman zamiya, ta shiga wasanta a kan tuddan wata tana ɗaga wa matafiyan hannu.

Ɗalibin da ya shirya shi

An haifi Nick Park a ranar 6 ga Disamba, 1958, a garin Preston da ke yankin Lancashire a arewacin Ingila. Mahaifinsa mai ɗaukar hoton gine-gine ne, mai son ƙera abubuwa a gida, kuma Park ya sha faɗin cewa akwai halayen mahaifin nasa a jikin Wallace. Tun yana ɗan shekara 13 ya fara gwada yin finafinan katun da ƙaramar kyamarar gida. Ya yi karatun fasahar sadarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Sheffield, wadda yanzu ta zama Jami'ar Sheffield Hallam, daga nan ya wuce NFTS. An kafa makarantar a 1971, kuma tsarinta shi ne ɗalibi ya koyi aiki ta hanyar yin fim na gaske da kayan aikin makaranta.

Wallace da Gromit sun samo asali ne daga zane-zanen da Park ke yi a littafinsa. Da farko Gromit kyanwa ce, daga baya ya mayar da shi kare domin kare ya fi sauƙin mulmulawa da motsawa. Sunan ya fito ne daga wani ƙaramin zoben roba da masu aikin lantarki ke sa wa ramin da waya za ta bi. Ɗan'uwan Park ma'aikacin lantarki ne, a bakinsa ya riƙa jin kalmar har ta kwanta masa. Shi kuwa Wallace, da farko ɗan aikin gidan waya ne mai suna Jerry. Park ya canza sunan ne bayan ya ji wata tsohuwa tana kiran ƙaton karenta da Wallace a cikin motar bas a Preston.

Yadda ake aikin, da abin da ya sa ya daɗe

Fim na sinima yana nuna hotuna 24 a kowace daƙiƙa. A wannan lissafi, fim mai minti 23 yana ɗauke da hotuna sama da 33,000. Masu wannan sana'a sukan rage wahala ta hanyar ɗaukar kowane matsayi sau biyu, ta yadda za a motsa ɗan tsana sau 12 a daƙiƙa maimakon 24, amma duk da haka yini guda na aiki ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi a kan allo. A kamfani, ana raba wannan nauyi tsakanin masu ƙera 'yan tsana, masu gina ɗakuna, masu fitila da masu motsawa. Ɗalibi kuwa yawanci shi ne duka.

Da Plasticine aka yi 'yan tsanan, wani irin yumɓu ne mai maiƙo wanda ba ya bushewa, da malamin zane William Harbutt ya ƙirƙiro a birnin Bath a 1897. Park ya rubuta wa kamfanin Harbutt yana neman tan guda. Abin da aka aiko masa launi goma ne, daga ciki akwai wani mai kalar dutse, da shi ya yi Gromit. Amfanin wannan yumɓu shi ne yana karɓar kowace siffa, har ƙaramin motsin leɓe. Illarsa kuma ita ce zafin fitilun ɗaukar hoto yana sa shi laushi, ƙura tana manne masa, kuma kowane taɓi yana barin sawun yatsa. Don kada ɗan tsana ya sunkuya ko ya faɗi a tsakiyar aiki, akan sa masa ƙashi na waya ko na ƙarfe mai gaɓoɓi a ciki. Sawun yatsun kuwa ana ganin su ƙarara a fim ɗin, kuma abin da wani zai ɗauka aibi ne ya zama tambarin aikin Park, har kamfanin da ya shiga daga baya ya ci gaba da barin su da gangan.

Akwai wata wahala da ɗaliban yau ba su cika sani ba. A wancan lokaci a kan fim ake ɗauka, ba a kan kwamfuta ba, don haka mai aiki ba ya ganin sakamako sai an wanke fim ɗin. Dole ya riƙe a kansa inda hannu ya tsaya, da saurin da yake tafiya, da inda zai nufa. Idan gwiwar hannunsa ta bugi kyamara, ko fitila ta mutu aka canza ta da wadda haskenta ya bambanta, aikin kwanaki yana iya lalacewa ba tare da ya sani ba sai daga baya.

Labarin da Park ya fara tsarawa ya kai kimanin minti 40. A cikinsa duniyar wata cike take da halittu iri-iri, har da gidan cin abinci, da wani sashe na kwaikwayon fim ɗin Star Wars cikin raha. Da ya lissafa ya ga hakan zai ƙara cin wasu shekaru, sai ya yanke shi, ya bar na'ura ɗaya tak a wurin. Yankan bai cutar da fim ɗin ba. Na'urar ba ta da fuska, ba ta magana, da hannuwa biyu kawai take nuna fushi da buri da takaici, kuma kaɗaicinta a wannan fili shi ne abin da ya ba rabin fim na biyu nauyi.

Murya da fuska

A irin wannan fim, murya ake fara ɗauka. Sai a bi ta a rarraba kowane sauti a kan takardar lissafi, a san a hoto na nawa baki zai buɗe, a na nawa zai rufe. Park ya rubuta wa ɗan wasa Peter Sallis, wanda a lokacin sananne ne saboda shirin barkwanci na BBC mai suna Last of the Summer Wine, ya yi masa tayin fam 50. Sallis ya amince. Park ya so Wallace ya yi magana da karin harshen Lancashire, amma na Yorkshire ne Sallis ya iya, aka tafi a haka. Yadda yake jan kalmar cuku ta Turanci yana baje baki shi ya sa Park ya faɗaɗa kumatun Wallace ya ba shi wannan baki mai faɗi cike da haƙora. Bayan wajen shekara shida da Park ya buga masa waya ya ce fim ya kammala, Sallis ya yi mamaki ƙwarai.

Shi ma Gromit an yi niyyar ya yi magana, har an ɗauki muryar ɗan wasa Peter Hawkins dominsa. Abin ya canza ne a wurin da Wallace ya ɗora ƙyaure a bayan Gromit yana yanka da zarto. Park ya bayyana cewa hannunsa bai iya kai wa ga bakin karen a ƙarƙashin ƙyauren ba, sai ya ɗan motsa masa goshi. Wannan ɗan motsi ya nuna gajiya da haƙurin wanda ya fi ubangidansa hankali, fiye da yadda magana za ta nuna. Daga nan aka ajiye muryar, Gromit ya zauna ba shi da baki ko kaɗan. Kiɗan fim ɗin kuma Julian Nott ne ya tsara, wanda shi ma ɗalibi ne a NFTS, kuma shi ya ci gaba da yi wa jerin kiɗa.

Komawa Bristol

A 1985 fim bai kusa ƙarewa ba. Peter Lord da David Sproxton, waɗanda suka kafa kamfanin Aardman Animations a Bristol, suka ɗauki Park aiki, da sharaɗin zai ci gaba da fim ɗinsa a gefe yayin da makarantar ke ci gaba da ɗaukar nauyinsa. Wannan ya ba shi albashi da wurin aiki, amma ya raba masa lokaci. A 1986 ya yi aiki a bidiyon waƙar Peter Gabriel mai suna Sledgehammer, inda ya sa figaggun kaji biyu rawa. Ya kuma shirya Creature Comforts, gajeren fim na kimanin minti biyar, wanda aka sa muryoyin mutane na gaske a bakin dabbobin gidan zu. Shi ma a 1989 ya fito.

Mai kallo da kyau zai lura siffar Wallace tana ɗan sauyawa daga farkon fim zuwa ƙarshe, domin hannun da ya fara aikin a 1982 ba daidai yake da wanda ya ƙarasa shi ba.

Fitowa da kyaututtuka

An fara nuna fim ɗin a ranar 4 ga Nuwamba, 1989, a wani bikin finafinan katun a cibiyar fasaha ta Arnolfini da ke Bristol. Tashar Channel 4 ta sa shi a talabijin a ranar 24 ga Disamba, 1990. Ya lashe kyautar BAFTA ta gajeren katun a 1990. A 1991 ya shiga takarar Oscar a wannan rukuni tare da finafinai biyu: Grasshoppers na ɗan Italiya Bruno Bozzetto, da Creature Comforts. Creature Comforts ne ya yi nasara, wato Park ya kayar da kansa.

Finafinan da suka biyo baya su ne The Wrong Trousers a 1993 da A Close Shave a 1995, kowanne ya ci Oscar, sai dogon fim The Curse of the Were-Rabbit a 2005 wanda shi ma ya ci, sannan A Matter of Loaf and Death a 2008 da Vengeance Most Fowl a 2024. Sallis ya rasu a 2017, Ben Whitehead ne ke yin muryar Wallace yanzu.

Ɗaliban da suka biyo baya

Kayan aiki sun sauya sosai. Yau ana haɗa kyamara da kwamfuta ta manhaja irin su Dragonframe, wadda ke nuna inuwar hoton da ya gabata a kan wanda ake shirin ɗauka, kuma tana bari a kalli abin da aka yi nan take. Akwai ma manhajojin wayar hannu irin su Stop Motion Studio da ke yin kusan haka. Abin da bai sauya ba shi ne yawan motsin da kowace daƙiƙa ke buƙata, shi ya sa finafinan kammala karatu na wannan salo yawanci ba sa kai tsawon na Park.

NFTS ta ci gaba da fitar da irin waɗannan ayyuka. Head Over Heels na Timothy Reckart, na 2012, ya shiga takarar Oscar. The Bigger Picture na Daisy Jacobs, na 2014, wanda ya haɗa zanen bango mai tsawon mutum da kayan da ake motsawa da hannu, ya ci BAFTA kuma ya shiga takarar Oscar. Edmond na Nina Gantz ya ci BAFTA a 2016, A Love Story na Anushka Naanayakkara a 2017, sai Poles Apart na Paloma Baeza a 2018.