Daga Mazari zuwa Kwarashi: Tarihin Hular Sanyi a Birnin Kano

Hunturu ba ya shigowa Kano a ɓoye. Daga ƙarshen Nuwamba iskar hamada za ta fara kaɗawa, hazo ya lulluɓe Dala da Gwauron Dutse, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga jikin da ya saba da digiri 40 na watan Afrilu. A wannan lokaci ne lungunan Yakasai da Mandawari da Kurawa ke cika da 'yan huluna masu ban dariya a kawunan yara: ja da ruwan ɗorawa, mai tuntu a tsakar ka, mai kunnuwan zomo, mai igiya biyu da ake ɗaurewa a haɓa. Da yawanmu mun sa irinsu muna goye, amma ba mu cika tambayar inda suka samo asali ba. Wanda ya bi zarensu kuwa zai tarar ya kai shi ga tarihin sana'ar matan birni.

Kafin zuwan ulu

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne tumakinmu ba su da ulu. 'Yanƙasa da uda da balami duk gashi ne a jikinsu, wanda ba ya kaɗuwa ya zama zare. Saboda haka kakanninmu da auduga suka yaƙi sanyi. Masaƙa suka yi musu gwado da luru masu kauri, aka haɗa da kaskon wuta a ɗaki da man shanu ko man kaɗanya a jiki. Jariri kuwa babbar rigar sanyinsa ita ce bayan uwarsa, a goya shi da zane, a ƙara majanyi, a ja mayafi a rufe masa kai.

Kayan ulu na gaske baƙi ne, kuma na masu hali. Fataken Larabawa, musamman mutanen Gadamas da Tarabulus waɗanda suka zauna a unguwanni irin su Dandalin Turawa, su ne suka riƙa shigo da alkyabba da jar dara da mulufi ta hanyar Sahara zuwa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Talaka ba ya kaiwa gare su. Abin da ya rage masa shi ne hularsa ta auduga, irin haɓar kada, mai harsuna biyu da ake saukewa su rufe kunne idan iska ta taso. Sunan nan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa tun da can Bahaushe yana kallon hular sanyi ya ga dabba a jikinta.

Hannun da ba a gani

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a watan Fabrairun 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya ƙiyasta cewa kayan saƙa da rini da Kano ke fitarwa a shekara ba su gaza na wuri miliyan 300 ba, kuma suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Idan ana wannan labari mun saba ambaton masaƙa, da marinan Ƙofar Mata da na Zage, da maɗinkan Soron Ɗinki. Amma kowane zare da ya hau masaƙa sai da ya fara bi ta hannun mace. Ita ke gurzar auduga ta fitar da angurya, ta yi shiɓa da baka, ta zauna da mazari da tasa da alli tana kaɗi. Kuɗin zaren nata ne, ba na miji ba, da shi take adashi, take biki, take tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, kuma jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga a 1912, yadi da zaren masana'antun Ingila suka fara kwararowa kantunan kamfanoni da na Kwarori a Fagge. Ba rana ɗaya kaɗi ya mutu ba, ya daɗe yana jan ƙafa, musamman a ƙauyuka. Sai dai a hankali zaren inji ya fi na hannu araha, balle da masaƙun zamani suka kafu, tun daga ta Kaduna a 1957 har zuwa waɗanda suka biyo baya a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Mazari ya koma ƙarƙashin gado. Matar kulle, wadda ba ta fita kasuwa, ta rasa sana'ar da ta fi dacewa da zamanta.

Shigowar kwarashi

Kalmomin da kansu sun faɗi inda sabuwar sana'ar ta fito. Ulu da kwarashi da suwaita duk aro ne daga bakin Turawa. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar 'yan mata a Kano, kamar yadda aka buɗe a Katsina. Turawan mulki ba su yi nufin fitar da likitoci ko alƙalai daga cikinta ba. Abin da suka sa gaba shi ne tsafta da renon yara da ɗinki da saƙa. Ana iya sukar wannan manhaja da cewa ta taƙaita mace, kuma sukar tana da hujja. Amma matan birni sun karɓi abin da aka ba su suka juya shi yadda ya yi musu. Yarinya ɗaya ta koyo a makaranta, ta koya wa yayarta, yayar ta tafi da shi gidan miji, kishiya da maƙwabciya suka gani suka ɗauka.

Abin da ya ƙara wa sana'ar ƙarfi shi ne canjin zaren kansa. Daga shekarun 1950 masana'antun Amurka da Turai suka fara sayar da zaren roba da ake yi daga sinadaran man fetur. Yana da araha, ba ya cin jiki, yana jure wanki, kuma yana ɗaukar launi mai haske wanda baba da karofi ba su taɓa bayarwa ba. Har gobe ulu muke ce masa, alhali yawancin wanda muke saye a kasuwa bai taɓa hawa bayan tunkiya ba.

Kwarashi ya zauna daidai gurbin mazari. Jarinsa kaɗan ne, ba ya ƙara, ba ya buƙatar rumfa. Ana iya ajiye shi a duba tukunya a dawo, ana iya yi ana sauraron rediyo. Masaniyar nan Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda matan kulle ke gudanar da kasuwanci daga cikin ɗaki ta hannun yara masu talla da 'yan aike. Ta wannan hanya hula da safa suka riƙa fita daga gida zuwa gida. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci a 1980, azuzuwan mata suka haɗa karatu da koyon ɗinki da saƙa. Masu keken ɗinki kuma suka shigo da tasu dabarar, a yanka ƙyallen bargo mai laushi, a haɗa hula, a ɗinka mata kunnuwa, a liƙa maɓalli biyu su zama idanu.

Me ya sa wasa?

Tufafin manya a Kano yana da doka. Alkyabba ta sarauta ce. Rawani mai kunne biyu na jinin sarki ne, wanda ba shi da gado ba ya naɗa shi. Ɗinkin hular maza, ko zanna ko damanga, yana bin zane da aka riga aka shata, mai ɗinki ba ta kauce masa. A kan jariri ne kaɗai doka ta saki hannun mace. Babu mai ce mata don me ta haɗa shuɗi da ruwan hoda, ko don me ta yi wa ɗan talaka kunne biyu. Shi ya sa idan aka baje kayan barka ranar suna, saitin hula da riga da safa ne mata ke miƙa wa juna suna dariya, suna tambayar wace ce ta saƙa.

A ƙarƙashin dariyar kuwa akwai tsoro na gaskiya. Jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, kuma kansa babba ne idan aka gwada da sauran jikin, don haka ma'aikatan lafiya ke cewa a rufe shi. Duk uwar da ta kwana a asibiti da yaro mai ciwon haƙarƙari a watan Janairu ta san hular nan ba ado ba ce kawai. Igiyar haɓa ma dabara ce, don kada yaro ya fizge ya yar.

Inda muke yau

Tun bayan matsin tattalin arziƙi na 1986, gwanjon Ƙofar Wambai ya zama wurin da talaka ke neman rigar sanyi. Daga baya kayan Sin suka cika Kantin Kwari, har ta kai marinan Kano suka yi zanga-zanga a 2015. Hular inji takan zo a farashin da bai kai kuɗin zaren ta hannu ba, balle ladan kwana biyu da aka yi ana saƙa ta. Abin da ya faru da mazari yana iya faruwa da kwarashi.

Sai dai har yanzu bai faru ba. 'Yan mata suna koyon sababbin zane a YouTube, suna tallata aikinsu a WhatsApp, wato waya ta karɓi aikin yarinya mai talla. Masu saye kuma suna dawowa saboda abin da inji ba ya yi: a auna kan yaro, a zaɓi launi, a saƙa sunansa a goshin hula.

Mun rubuta tarihin sarakunanmu da ganuwarmu da karofinmu, amma tsofaffin da suka fara riƙe kwarashi a birni suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin hunturun bana ya wuce, ya kamata kowannenmu ya zauna da wata gwaggo ko inna, ya tambaye ta wa ya koya mata, a wace unguwa, nawa take sayar da saiti, kuma me ta yi da kuɗin. Idan akwai tsohuwar hula a ƙasan adaka, a fito da ita a wanke, a rubuta sunan wadda ta saƙa ta.