Neman Mazaunin Fahimtar Magana a Ƙwaƙwalwar Ɗan'adam: Waiwaye Kan Tarihin Bincike

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bi sawun masana a ƙoƙarin da suka yi na gano yadda ƙwaƙwalwar ɗan'adam take mayar da sautin da ya shiga kunne ya zama magana mai ma'ana. Abin da ke fita daga bakin mai magana motsin iska ne kawai, amma kafin ƙiftawar ido mai sauraro ya tsinci kalmomi a cikinsa, ya haɗa su, ya gane abin da ake nufi. Muna son mu nuna cewa an shafe fiye da shekara 100 ana neman wuri guda da za a ɗora wa wannan aiki, kuma duk sa'ad da aka sami sabuwar hanyar bincike sai iyakar wurin ta gusa. Batun ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, zanen da aka yi tun ƙarni na 19 shi ne har yanzu ɗalibanmu ke tararwa a yawancin littattafan gabatar da ilimin harsuna. Ta biyu, yadda aka fahimci wannan al'amari shi ke yanke irin mu'amalar da ake yi da mutumin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa wa magana.

2.0 Kafin Ƙarni na 19

Mutanen da can sun lura da cewa rauni a kai yana iya ɗauke magana. Wata takardar likitanci ta tsohuwar Masar, wadda aka kwafa wajen shekara 1600 kafin Miladiyya, ta kawo labarin wanda aka ji wa ciwo a gefen kai ya kasa magana. Duk da haka, Aristotal ya tafi a kan cewa zuciya ce mazaunin tunani, ƙwaƙwalwa kuwa aikinta sanyaya jini. Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne gare mu, don har gobe Bahaushe cewa yake ya raya a zuciyarsa. Jalinus ne ya kafa hujja a kan ƙwaƙwalwa, sa'an nan malaman da suka biyo shi, ciki har da Ibn Sina (980-1037), suka rarraba hasashe da tunani da hadda a cikin kogunan ruwan da ke tsakiyarta. Sai a farkon ƙarni na 19 Franz Gall ya ce a ɓawon ƙwaƙwalwa ya kamata a nemi kowace baiwa, kowacce da gurbinta. Hujjojinsa na shafa ƙoƙon kai ba su da tushe, amma tambayar da ya bari, watau "a ina?", ita ce ta mallaki binciken da ya biyo baya.

3.0 Broca da Wernicke

A watan Afrilu na 1861 aka kawo wa likita Paul Broca wani majinyaci mai suna Leborgne a asibitin Bicêtre da ke gefen birnin Faris. Mutumin ya yi shekara 21 a asibitin, kuma kusan ba abin da yake iya furtawa sai gaɓa ɗaya, watau "tan". Abin da ya ja hankalin Broca shi ne, ga dukkan alamu, mutumin yana gane abin da ake faɗa masa. Da ya rasu ranar 17 ga watan, aka duba ƙwaƙwalwarsa aka tarar da ɓarna a sashen goshi na ɓarin hagu. Bayan Broca ya tara irin waɗannan majinyata, a 1865 ya bayyana cewa ɓarin hagu ne ke riƙe da furuci. Wani likitan kudancin Faransa, Marc Dax, ya riga shi lura da haka tun 1836, amma ba a buga takardarsa ba sai a 1865. Wannan lalura ta ɓatan magana ita ce likitoci suka sa wa suna afaziya.

Sai dai Broca batun furtawa ya yi. Wanda ya fara fuskantar batun fahimta gadan-gadan shi ne Carl Wernicke, Bajamushe ɗan shekara 26, a ɗan littafin da ya buga a Breslau a 1874. Majinyatansa kishiyar Leborgne ne: magana na zuba daga bakinsu ba tangarɗa, amma cike da kalmomin da ba su dace ba, kuma in an yi musu magana ba sa ganewa, alhali kunnensu lafiya lau. Ɓarnarsu tana bayan sashen da ke daura da kunne, a ɓarin hagu. Wernicke ya ce a nan ne ake ajiye siffofin sautin kalmomi, kuma akwai hanya da ta haɗa wurin da na Broca. A 1885 Ludwig Lichtheim ya tsara wannan ra'ayi cikin zane mai akwatuna da kibiyoyi: ga gidan ji, ga gidan furuci, ga gidan ma'ana a sama. Zanen ya karɓu domin yana da sauƙin koyarwa, kuma yana taimakon likita wajen hasashen inda ciwo yake.

4.0 Masu Jayayya

Tun a wancan zamani akwai waɗanda ba su gamsu ba. Hughlings Jackson na Ingila ya yi gargaɗin da har yau bai tsufa ba: gano wurin da lalacewarsa ke kashe magana daban yake da gano mazaunin maganar kanta. Misalin abin shi ne rediyon da aka tsinke wa waya ɗaya ya yi shiru. Ba wanda zai ce a cikin wayar nan labarai suke. Sigmund Freud ma ya soki zanen a 1891, kafin ya juya ga nazarin halayyar ɗan'adam. A 1906 Pierre Marie ya sake duba ƙwaƙwalwar Leborgne ya ce ɓarnar ta wuce inda Broca ya nuna, abin da ya jawo zazzafar muhawara tsakaninsa da Jules Dejerine a Faris a 1908.

Yaƙe-yaƙen duniya guda biyu sun kawo wa likitoci samari masu yawa da harsashi ya raunata a kai. Daga nazarin sojojin yaƙin farko Henry Head ya buga aikinsa a 1926, inda ya zargi magabata da tilasta wa majinyata shiga akwatunan zane. Daga na yaƙi na biyu kuma Alexander Luria na Rasha ya nuna a 1947 cewa rauni a yankin Wernicke yakan ɓata bambance ƙwayoyin sauti masu kama da juna. A Montreal ta Kanada, Wilder Penfield ya riƙa taɓa ɓawon ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da ɗan lantarki lokacin tiyata, suna farke, ya ga wuraren da ke katse magana sun bambanta daga mutum zuwa mutum. Duk da wannan, a 1965 Norman Geschwind na Amurka ya farfaɗo da tsarin Wernicke, ya ba da ƙarfi ga damin jijiyoyin da ke haɗa yankunan biyu. Wannan sigar ce ta shiga littattafan makaranta.

5.0 Gudummawar Masu Nazarin Sauti

Yayin da likitoci ke tambayar "a ina?", wasu masana sun koma ga tambayar "ta yaya?". A shekarun 1940 masu bincike a cibiyar Haskins ta Amurka suka yi niyyar ƙera wa makafi na'urar karatu wadda za ta ba kowane harafi sautinsa. Na'urar ba ta yi amfani ba, domin mutane sun kasa bin jerin sautuka da saurin da suke bin magana. Daga nan Alvin Liberman da abokan aikinsa suka gane cewa ƙwayoyin sauti ba a jere suke ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi ba. Shiga juna suke yi. Duk mai nazarin Hausa ya san haka: "k" da ke cikin "kifi" da wadda ke cikin "kura" ba furuci ɗaya gare su ba, amma kunnen Bahaushe ɗaya yake ɗaukarsu. A 1957 Liberman ya nuna cewa in aka sauya sauti sannu a hankali daga "ba" zuwa "da", mai sauraro ba ya jin tsaka-tsaki, sai dai ya jefa shi aji ɗaya ko ɗaya.

Wannan rarrabawa koyonta ake yi. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jariran gidajen masu Ingilishi 'yan wata 6 zuwa 8 suna bambance baƙaƙen harshen Hindi, amma kafin su cika shekara wannan baiwa ta ragu ƙwarai. Dalili ke nan da ya sa baƙon da ya koyi Hausa da girma yake shan wahalar raba "kafa" da "ƙafa".

Har ila yau, an gano cewa mai sauraro ba jira yake sauti ya gama isowa ba. Richard Warren ya nuna a 1970 cewa in aka cire baƙi ɗaya daga kalma aka sa tari a gurbinsa, mutane za su rantse sun ji kalmar cikakkiya. William Marslen-Wilson ya sami mutane a 1973 masu iya maimaita magana rubu'in sakan kacal bayan mai faɗinta, har suna gyara kurakuran da ke ciki. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka nuna cewa motsin leɓɓan da ido ya gani yana canza sautin da kunne ya ji. A 1980 kuma Marta Kutas da Steven Hillyard suka auna lantarkin ƙwaƙwalwa daga fatar kai, suka ga yakan zabura kimanin kashi 4 cikin 10 na sakan bayan kalmar da ba ta dace da jimla ba, kamar a ce da Hausa "ya sha shayi da takalmi". Watau ƙwaƙwalwa tana hasashen abin da zai zo, tana kuma haɗa ji da gani da saninta na duniya a lokaci guda.

6.0 Rushewar Iyakoki

Ɗakin jinya kansa ya ci gaba da ƙaryata rabon aikin da zanen ya yi. A 1976 Alfonso Caramazza da Edgar Zurif suka gwada masu afaziyar Broca, waɗanda ake ɗauka fahimtarsu lafiya take. Da aka ba su jimla irin "ciyawar da akuya ta ci ɗanya ce", sun gane, don ciyawa ba ta cin akuya. Da aka ba su irin "akuyar da tunkiya ta tunkuya baƙa ce", inda ginin jimla kaɗai ke nuna wanda ya yi aikin, sai suka koma canki-canki. Ashe sashen goshi ma yana da hannu a fahimta. Shekara guda kafin haka Elizabeth Warrington ta bayyana majinyata masu iya maimaita kalma sarai amma ma'anarta ta ɓace musu, kuma daga baya aka gano ɓarnar irin waɗannan tana can gaban sashen kunne, nesa da yankin Wernicke.

Daga ƙarshen shekarun 1980 na'urorin ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa suka ba da damar nazarin masu lafiya. A 2007 Gregory Hickok da David Poeppel suka tattara sakamakon cikin tsari mai hanyoyi biyu: ta ƙasa tana kai sauti ga ma'ana, kuma ɓarin dama yana da rabo a cikinta, ta sama tana kai sauti ga furuci, kuma ta fi karkata hagu. A wannan shekara Nina Dronkers ta sa ƙwaƙwalwar Leborgne, wadda Broca ya adana bai yanka ba, cikin na'urar hoto ta maganaɗisu, aka ga ɓarnar ta nutsa ciki har ta taɓa manyan jijiyoyin haɗi. Ta wannan fuska Marie ya yi gaskiya, bayan shekara 101. A 2014 Nima Mesgarani da Edward Chang a San Francisco suka ɗora siraran wayoyi a ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya 6, suka ga wasu wurare na amsa baƙaƙen tsayau, wasu na zuzau, wasu wasula, kusan yadda masu ilimin furuci suka riga suka rarraba su.

7.0 Batun Bambancin Harsuna

Akasarin wannan tarihi an gina shi ne a kan masu Faransanci da Jamusanci da Ingilishi, harsunan da karin sauti ba ya bambance kalmomi a cikinsu. A Hausa kuwa kari ne ke raba "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala, tsawon wasali kuma ke raba "gari" na zama da "gari" na tuwo. Diana Van Lancker da Victoria Fromkin sun gwada masu harshen Tailan a 1973, suka ga kunnen dama, wanda ya fi alaƙa da ɓarin hagu, ya fi kama karin kalmomi. Ma'ana, in hawa da saukar murya na ɗauke da ma'anar kalma, ƙwaƙwalwa takan ɗauke shi a matsayin harshe. A 2022 Evelina Fedorenko da abokan aikinta suka gwada masu harsuna 45 daga dangogi 12, suka tarar da tsari iri ɗaya: yankuna da dama a sashen goshi da na kunne, masu karkata hagu, suna aiki tare.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda bincike ya taso daga gurbi ɗaya a 1874 ya iso ga yankuna masu yawa da ke aiki tare, kamar yadda Hausawa ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Broca da Wernicke ba su yi kuskure ba wajen nuna muhimmancin ɓarin hagu; kuskuren yana wajen ɗaukar wurin ɓarna a matsayin mazaunin aikin. Saboda haka muna ba malamai shawarar su koyar da zanen Lichtheim a matsayin babi na tarihi, su biyo shi da abin da aka gano bayansa. Muna kuma ganin wajibi ne masana Hausa su haɗa kai da likitoci a tsara gwajin afaziya da ke auna kari da tsawon wasali da baƙaƙe masu ƙugiya, tun da gwajin da aka fassaro daga Ingilishi ba zai taɓo su ba. Da irin wannan gwaji za a iya shaida wa dangi cewa ɗan'uwansu da ya kasa furuci mai yiwuwa yana jin duk abin da ake faɗa a gabansa, kuma wanda ke zuba maganar da ba ta da kai ciwon ƙwaƙwalwa ne ya same shi, likita da mai horar da magana yake bukata.