Motar Da Ba A Turawa: Tarihin Giyar Atomatik A Hanyar Gezawa

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar 'Yankaba zuwa Gezawa ya san wata al'ada tamu. Idan mota ta mace a tsakanin Gunduwawa da Jogana, sai direba ya waigo ya ce, "Jama'a, a taimaka da turi." Fasinja su sauka su tura, shi kuwa ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, inji ya tashi. A ganina wannan turin shi ne ya hana motar atomatik, wato mai canja giya da kanta, samun gindin zama a ƙasarmu shekara da shekaru.

Asalin wannan giya Amurka ne. A 1939 kamfanin General Motors ya fito da Hydra-Matic a motocinsa na Oldsmobile. A lokacin nan manomin Gezawa jaki da raƙumi ya sani, su ke kai masa gyaɗa wurin awo ko tashar jirgin ƙasa ta Jogana, a kan layin dogon da ya isa Nguru a 1930. Ko da mota ta yawaita, ta Turawan Ingila da Faransa ce, su kuwa giyar hannu suka fi so.

Shekarun arzikin man fetur ba su canja wannan ba. A 1972 aka koma tuƙin hannun dama, kuɗin Udoji suka biyo baya, a 1975 kuma aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kaduna. Fijo 404 da 504 su suka mallaki hanyar Gumel da Haɗeja, kusan dukkansu masu kuloci. A kansu yaran mota suka koyi tuƙi, a kansu kanikawa suka ƙware.

To, me ya sa atomatik ba ta turuwa? Dalili shi ne, ba kuloci ke haɗa injinta da giya ba, mai ne. Akwai famfo a cikin giyabos wanda inji ke juyawa, shi ke matsa man har giya ta kama. In inji ya mutu famfo ya tsaya, ko ƙauye guda ya taru ya tura, taya ba za ta juya inji ba. Wasu na farko-farko suna da famfo na biyu a baya, ana iya tura su, amma daga baya aka daina sa shi. Ke nan batir ya yi sanyi a cikin karkara, tafiya ta ƙare. Wa zai ɗauki wannan kasada ranar kasuwa, da lodin tumatir a bayan mota?

Abin da ya karya ƙiyayyar nan talauci ne. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP darajar naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta gagari malamin makaranta. Sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano, waɗanda muke kira Beljiyam, daga baya har da na Amurka, su kuwa galibinsu atomatik ne. Mai saye ba shi da zaɓi, dole ya koyi zama da ita.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Wani kawuna, tsohon direban Fijo, ran da ya fara jan irinta ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci, ta sami birki, saura kaɗan goshinsa ya fasa gilashi. Darasin farko ke nan: ƙafar hagu hutawa take, dama ke taka totur da birki. Na biyu, ba a sa P ko ribas sai mota ta tsaya cik, domin ɗan ƙarfe ne kawai ke kulle giya a P, yana iya karyewa. Na uku shi ya fi shafar mutanen Gezawa. Da an bar kwalta an shiga burtali mai yashi, ko taɓon damina, tsohuwar atomatik mai giya uku ko huɗu in an bar ta a D sai ta yi ta hawa da sauka tsakanin giyoyi, mai ya yi zafi. A nan ake jawo ta zuwa 2 ko L, a taka totur sannu. Harufan nan ba ado ba ne, ko da yake na ga direbobin da suka shekara biyar ba su taɓa su ba.

Sai man giya. Ja ne in yana da lafiya, kuma a yawancinsu ana auna shi inji na aiki, mota a wuri mai daidai. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, giyabos na gab da tafiya. Haka nan ba a ɗaura mata igiya a ja ta tun daga Gezawa har Kano tayoyin da ke jan ta suna ƙasa, don famfon da ya tsaya shi ne kuma mai shayar da ƙarafan ciki. Shi ya sa kawun nan nawa, tun da ya rabu da Fijo, bai ƙara fita ba sai da wayar haɗa batir a cikin but.