Tarihin Mazaunin Tagogi a Fuskar Kwamfuta

Taga ita ce filin nan mai kusurwa huɗu da manhaja ke nuna aikinta a cikinsa. Duk lokacin da aka buɗe ta, dole a samu wanda zai yanke inda za ta zauna: ko manhajar da kanta, ko tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ko mutumin da ke riƙe da linzami. Galibin koken da ake ji bayan an sabunta manhaja, cewa taga ta daina buɗewa inda aka bar ta jiya, ko ta fito rabinta a wajen allo, tushensa shi ne wannan iko ya sauya hannu ba tare da an sanar da mai kwamfutar ba.

Tagogi masu hawa kan juna sun samo asali ne a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Kalifoniya a Amurka, a shekarun 1970, cikin tsarin Smalltalk da ke aiki a kan kwamfutar Alto. Manufar ita ce allo ya zama kamar tebur mai takardu, wata a kan wata, mutum ya jawo wadda yake so. Apple ya kai wannan salo kasuwa da Lisa a 1983 da Macintosh a 1984. Microsoft kuwa ya fara da wata hanya dabam: a Windows 1.0 ta 1985 manyan tagogi ba sa hawa kan juna, tsarin ne ke jera su gefe da gefe, don haka babu gardamar mazauni. Sai a Windows 2.0 ta 1987 aka sake su. Daga nan mazaunin taga ya koma lambobi biyu, nisanta daga hagu da nisanta daga sama, ana ƙirgawa da ɗigon allo. Manhaja na iya faɗin nata lambobin ko ta bar wa Windows zaɓi, kuma ba da daɗewa ba masu rubuta manhajoji suka ɗauki al'adar adana lambobin yayin rufewa domin mayar da taga wurinta gobe.

A ɓangaren Unix labarin ya fi sarƙaƙiya. Tsarin X, wanda Bob Scheifler da Jim Gettys suka jagoranta a jami'ar MIT tun 1984, aka kuma fitar da sigarsa ta X11 a Satumban 1987, an gina shi bisa aƙidar cewa zai ba da kayan aiki kawai, ba zai shimfiɗa wa kowa doka ba. Saboda haka aka ware wata manhaja ta musamman, manajan tagogi, wadda ke zana wa taga firam da sandar sama, ita ce kuma ke da ta cewa a kan mazauni. A tsohon manajan twm na Tom LaStrange, sabuwar taga kan fito a matsayin zanen layuka da ke bin linzami, ba ta zama sai mutum ya danna inda yake so. Amma da manajoji suka yi yawa, kowanne da halinsa, sai aka buƙaci yarjejeniya. David Rosenthal ya tsara kundin ICCCM da ya fito a 1989, kuma a cikinsa aka bambanta mazaunin da mutum ya nema da bakinsa da wanda manhaja ta zaɓa wa kanta. Na farko ana so a girmama shi. Na biyu shawara ce, manaja na iya watsi da ita. Bambancin yana da hikima, sai dai bai daɗe ba manhajoji suka gano cewa idan suka ce mutum ne ya nema, za a biya musu bukata.

Daga wannan rabon aiki ne aka samu wata tsohuwar cuta, wato taga mai rarrafe. Manhaja takan tambayi mazauninta, a ba ta lambar cikin taga ban da firam. Gobe ta miƙa wannan lamba, manaja kuma ya ɗauke ta a matsayin kusurwar firam. Sai tagar ta sauka ƙasa gwargwadon kaurin sandar sama, jibi ta ƙara sauka, har wata rana gindinta ya nutse. Windows ma tana da irin wannan, domin tana da ƙirga iri biyu: ɗaya daga kusurwar allo, ɗaya daga inda sandar ayyuka ta ƙare. Wanda ya adana da wannan ya mayar da waccan, tagarsa za ta riƙa gusawa muddin sandar na sama ko hagu.

Zuwan allo fiye da ɗaya ya ƙara dagula lissafin. Macintosh II ta 1987 ta iya wannan, Windows 98 ta biyo baya, X kuma ta samu Xinerama, mai haɗa alluna su zama fili ɗaya, a 1998. A Windows da Macintosh, allon da ke hagu da babban allo lambobinsa na ƙasa da sifiri ne, kuma wanda ya rufe manhaja a kan allo na biyu sannan ya cire waya, yana iya buɗe ta ta tafi wurin da babu shi. Sannan allo masu cunkoson ɗigo suka zo. Windows 8.1 ta 2013 ta ba kowane allo damar samun ma'aunin girmansa, ita kuwa tsohuwar manhajar da ba ta san da haka ba, ana ba ta lambobin bogi don kada rubutunta ya ƙanƙance. Ranar da aka sabunta ta ta fara karɓar lambobin gaskiya, abin da ta adana a baya ya tashi daga aiki. Sai a Windows 11 ta Oktoban 2021 tsarin ya ɗauki nauyin tuna inda tagogi suke bisa allon da aka jona.

Sauyi mafi girma ya faru ne a Linux, wanda ya dogara da X11. A 2008 Kristian Høgsberg, yana aiki a Red Hat, ya fara Wayland domin maye gurbin X11, aka fitar da siga ta 1.0 a Oktoban 2012. A Wayland manhaja ba ta san inda babbar tagarta take a allo ba, ba ta kuma da hanyar cewa a ajiye ta wuri kaza. Da gangan aka yi hakan. A X11 kowace manhaja na iya leƙa tagogin maƙwabtanta, ta saurari abin da ake bugawa, ko ta ɗora tagar yaudara daidai kan gurbin kalmar sirri. Ban da tsaro, masu tsarin sun yi la'akari da wayoyi da allon motoci da tabarau masu nuna hoto, inda ƙirga daga kusurwar hagu ba ta da ma'ana.

Hujjojin suna da ƙarfi, amma yadda sauyin ya iso ga jama'a bai yi daɗi ba. Cikin nau'o'in Linux, Fedora 25 ta mayar da Wayland zaɓin farko a Nuwamban 2016. Ubuntu ta gwada a siga ta 17.10, ta ja da baya a 18.04, ta sake komawa a 21.04; fuskar aiki ta KDE Plasma 6 ta bi sahu a Fabrairun 2024. Mutum ya sabunta kwamfutarsa da dare, da safe manhajarsa na nan tana adana lambobi tana miƙawa kamar kullum, amma babu mai karɓa, babu kuma saƙon kuskure da zai nuna masa dalili. GTK 4 ta Disamban 2020, kayan gina tagogin manhajoji, ita ma cire umarnin matsar da taga ta yi gaba ɗaya. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne tsofaffin manhajoji da ke bi ta gadar XWayland suna riƙe da ikonsu na da, har ranar da aka sabunta su suka koma Wayland kai tsaye, kamar yadda Firefox 121 ta yi a Disamban 2023. Cire tsohuwar hanya kafin a gama gina sabuwa ya ɗora wahalar a kan waɗanda ba su da hannu a shawarar.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu manhajoji masu tagogi da yawa, irin na injiniyoyi da masu binciken kimiyya, inda jerin tagogin kansa ɓangare ne na aikin. A Yunin 2025 masu KiCad, manhajar zana allunan lantarki, suka bayyana cewa rashin ikon ajiye taga da mayar da ita na cikin abubuwan da suka hana su tsaya wa Wayland sosai, suka shawarci masu aikin sana'a su zauna a X11. An bi hanyoyi biyu wajen gyara. Ta farko, wadda Matthias Klumpp ya gabatar a 2023, ita ce a ba manhaja wani yanki da za ta jera tagoginta a ciki ba tare da sanin sauran allon ba, kuma ta sha doguwar muhawara. Ta biyu ita ce manhaja ta ba kowace taga alamar shaida, tsarin ya tuna mazauninta ya mayar da ita da kansa. A halin da ake ciki masu amfani da KDE na iya kafa wa taga dokar mazauni da hannu, ƙofar komawa X11 kuwa tana ƙara tsukewa, domin Ubuntu 25.10 ta fito ba tare da zaɓin tafiyar da fuskar aikinta ta GNOME a kan X11 ba.