Ciwon Ƙoda na Heymann

Ciwon ƙoda na Heymann cuta ce da masu bincike ke haddasa wa ɓeraye da gangan, domin su gano yadda garkuwar jiki ke juyawa ta far wa ƙodar mai ita. An raɗa mata sunan Walter Heymann, likitan yara a birnin Cleveland na Amurka. A 1959 ya yi wa ɓeraye allurar niƙaƙƙen naman ƙodar ɓera, bayan 'yan makonni sai furotin ya riƙa zuba cikin fitsarinsu. Da aka duba ƙodar, an tarar da illa irin ta wani ciwon ɗan Adam da ke kaurara tantanin tace jini, ya sa fitsari kumfa, ƙafafu da fuska su kumbura.

Kowace ƙodar ɗan Adam tana da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya. A bayan tantaninsu akwai ƙwayoyin fodosayit, masu yatsu da suka sarƙe kamar ragar rariya. Da farko an zaci jini ne ke kwaso dunƙulen antibodi, wato furotin da garkuwar jiki ke kai hari da shi, ya jibge a nan. Gwaje-gwajen 1978 suka nuna cewa antibodin ratsa tantanin yake yi, ya manne wa abin harinsa a jikin fodosayit ɗin. Mannewar kaɗai ba ta isa ta ɓata matata ba. A 1980 David Salant da abokan aikinsa suka ƙarar da sunadaran garkuwar jiki da ake kira kwamfilimen daga jinin ɓeraye da wani sinadari na dafin kumurci: antibodi ya manne kamar kullum, amma furotin bai zuba ba. Ashe waɗannan sunadaran ne ke huda fodosayit.

A 1982 Kerjaschki da Farquhar suka gano abin harin, furotin da daga baya aka kira megalin. Sai dai fodosayit ɗin mutum ba ya ɗauke da shi, abin da ya ɗaure wa masana kai shekara da shekaru. A 2009 ne Laurence Beck da Salant, a Boston, suka gano cewa furotin PLA2R ne abin harin a wajen kusan kashi 70 cikin ɗari na manyan da ciwon ya kama ba tare da wata cuta a bayansa ba. Yanzu ana auna antibodinsa a jini, ana kuma ba da maganin rituximab don rage ƙwayoyin da ke ƙera shi. A ƙasashen Afirka da ciwon hanta nau'in B ya yawaita, sau da yawa ƙwayar wannan cuta ce ke jawo wa yara irin wannan ciwon ƙoda.